Kuskure na Huɗu

Akwai wani dattijo a unguwar Gendaria, cikin tsohon birnin Dhaka, ana ce masa Malam Mokbul Sikdar. Shekara talatin da takwas ya yi yana koyar da nahawu da rubutu a makarantar sakandare. Da ya yi ritaya ya ajiye alli, amma bai ajiye jan bironsa ba. Kullum yana nan a aljihun gaban rigarsa.

Ya gyara rubutun allon mai shagon magani. Ya gyara katin ɗaurin auren ɗan maƙwabcinsa, ya mayar masa da shi. Mutanen unguwa suna girmama shi, amma in sun hango shi tafe sukan kife duk takardar da ke hannunsu.

Matarsa, Hasna Banu, ta rasu shekara biyar da suka wuce. Ta bar masa 'ya ɗaya tilo, Dilruba, wadda ba ya kiranta da komai sai "Uwata".

Dilruba injiniya ce, tana aiki a ofishin gwamnati mai kula da koguna. Malam Mokbul ba ya gajiya da faɗar haka a wurin mai shayi. Shekara guda bayan rasuwar mahaifiyarta, sai ta zo ta zauna a gabansa ta ce ta ajiye aikin. Girki take so ta yi. Tana so mutane su ci irin abincin da mahaifiyarta ke dafawa, kafin a manta da shi.

"Kuku?" in ji shi. "'Yar Mokbul Sikdar ce za ta zama kuku? Ki tsaya a bayan tukunya kina jiran ƙattin gari su ce miki gishiri ya yi yawa?"

Kwana tara suna wannan magana. A rana ta goma ta fito da jaka ɗaya, ta tsaya a bakin ƙofa.

A ƙasarmu mai fita daga gida ba ya cewa "zan tafi". Cewa yake yi "ina zuwa", wanda ya rage a gida kuma ya amsa masa da "zo". Ko yaro ne ya yi suɓul da baka, kakarsa za ta dawo da shi daga bakin ƙofa ya sake faɗa daidai. Malam Mokbul da kansa ya koyar da wannan a aji. Yakan ce wa ɗalibai harshen da ya ƙi sallamar mutum da kalmar tafiya harshe ne mai tausayi.

"Abba, ina zuwa," in ji Dilruba.

Bai ɗago kai daga jarida ba. Ya ce, "Je ki."

Ya ji ta tsaya cik. Ta kai minti guda a tsaye, tana jira ko zai gyara. Mutumin da ya gyara wa gari duka magana bai gyara tasa ba. Sai ya ji takunta yana sauka a matakala.

Shekara huɗu ke nan. A shekarar farko ta kira shi a waya sau uku, bai ɗauka ba. Daga nan ta daina. Shi kuma bai taɓa tambayar kowa inda take ba, ko da yake duk ranar Alhamis yakan share ɗakinta, ya buɗe taga iska ta shiga, ya sake rufewa.

Akwai kuma wani sirri nasa da mutum ɗaya ne kawai ya sani. Malam Mokbul bai iya cire ƙayar kifin ilish ba, shi da aka haifa a gaɓar kogi. Yana yaro mahaifiyarsa ce ke cire masa. Da ya yi aure Hasna Banu ta karɓi aikin, har da nata tsari. Takan jera ƙayoyin a gefen hagu na faranti, daga babba zuwa ƙarama, don ya gani da idonsa ba ta bar ko ɗaya ba. Bayan ta rasu Dilruba ta ci gaba a haka.

Tun da Dilruba ta fita, damina huɗu ta zo ta wuce. Ƙamshin ilish yana tashi daga kowane gida a layin, shi kuwa bai sa shi a baki ba. In an tambaye shi sai ya ce likita ne ya hana.

Wanda ya san sirrin shi ne Subodh Gomes, tsohon malamin lissafi, Kirista, mai tumbi da yawan dariya. Tare suka koyar, tare suka tsufa.

Wata Asabar da hantsi, ana tsakiyar damina, Subodh ya hau matakala yana haki, laimarsa tana ɗiga.

"Tashi, Sarkin Wasula. Yau na cika saba'in da biyar, kuma ba zan ci shinkafar wannan rana ni kaɗai ba."

"Bara ma saba'in da biyar ka ce."

"Bara kuskuren lissafi na yi."

"Malamin lissafi ke nan. Allah ya ji ƙan yaran da suka bi ta hannunka."

"Amin. Ɗauko takalminka. Akwai wani gidan abinci a Dhanmondi da duk garin ke rububinsa, sai an kama wuri tun mako biyu ake samun kujera. Jikata ce ta kama mana ta waya. In ka sa muka makara, kai da ita."

Malam Mokbul ya yi gunaguni, amma ya sa farar rigarsa ta fita, ya ɗauki laimarsa. Ya duba aljihu, biron yana nan.

Sun isa ƙarfe ɗaya da kwata. A saman ƙofar gidan abincin an rubuta sunansa da manyan harufa, kalma ɗaya tak: Esho, wato "Zo".

Malam Mokbul ya ɗaga kai ya karanta. Ya yi sauri ya kawar da ido.

"Wannan suna ne ko umarni?" in ji shi.

"Shiga dai, ruwa na dukana."

Ciki a cike yake. An rataye kwandunan kamun kifi a sama, an sa fitilu a cikinsu. Samari da 'yan mata suna ta ɗaukar hoton abinci kafin su taɓa shi. A teburin da ke kusa da nasu wani mai gyararren gemu yana cin shinkafar da ta kwana a ruwa, da cokali mai yatsu.

"Subodh, dubi ikon Allah. Abin da manoman ƙauyenmu ke ci da asuba don ba su da wani, shi ake yi wa hoto. Da cokali mai yatsu kuma! Shinkafa a cikin ruwa!"

"Rage murya, don Allah."

"A kan me? Ai ya toshe kunnensa da waya."

Wata mata mai fara'a, wadda ke kula da teburinsu, ta kawo musu takardar jerin abinci. Malam Mokbul ya sa tabarau. Bai kai rabin shafi ba hannunsa ya tafi aljihu.

"Mokbul, kar ka fara."

"Dogon wasali a inda ake son gajere. Ɗaya." Ya zagaye da ja. "Nan kuma sun haɗiye harafi guda. Biyu." Sai ya tsaya, ya ja numfashi. "Kai, kai, kai. Harufan 'sha' uku gare mu, sun rasa wanda za su sa a sunan ilish sai wanda ba shi ba. A sunan ilish, Subodh! Uku."

A ƙasan takardar ya rubuta abin da ya saba rubutawa shekara talatin da takwas: "Bakwai cikin goma. A sake rubutawa." Ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Matar ta leƙa, ta yi dariya har da riƙe baki.

"Baba, ba ni in kai wa mai wurin. Wallahi sai ta gani."

"Kai mata. Ki ce kyauta ne."

Subodh ya ce a kawo masa ilish da aka turara da niƙaƙƙen mastad, wata 'yar ƙwaya mai yaji, a cikin ganyen ayaba. Malam Mokbul ya ce shinkafa, da miyar waken dal, da kirɓaɓɓen dankali mai barkono.

"Kifi fa, Baba? Na yau da safen nan ya zo daga kogi."

"Likita ya hana."

"Likitan nan naka mugun mutum ne," in ji Subodh, yana kallon rufi.

Aka fara kawo musu mai ɗaci, kamar yadda ya kamata: soyayyen garahuni, an yanka shi siriri kamar takarda. Malam Mokbul ya cuɗa da 'yar shinkafa ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa. Ya so ya sami abin kushewa, bai samu ba.

"Ba laifi," ya ce a ƙarshe.

Sauran abincin ya yi jinkiri. Malam Mokbul ya duba agogonsa sau biyu. Da matar ta dawo, ba ta dariya. Ta ajiye wa Subodh nasa, sannan ta ajiye wani faranti a gaban Malam Mokbul da hannu biyu.

"Ban ce a kawo wannan ba."

"Mai wurin ce ta ce a kawo wa malamin da ya ba ta bakwai."

Ilish ne, yana tururi, ƙamshin mastad yana shiga hanci. An bare tsokar a hankali, an tara ta a tsakiya. A gefen hagu na farantin kuwa ga ƙayoyi a jere, daga babba zuwa ƙarama, har zuwa waɗanda ba su fi gashin ido kauri ba.

Malam Mokbul ya zuba musu ido. Ya cire tabarau, ya goge da bakin rigarsa, ya mayar. Suna nan yadda suke.

"Ka sani," ya ce, bai dubi abokinsa ba.

"Na sani."

"Ita fa?"

"Ba ta san za mu zo ba. Ban gaya mata ba, don na ji tsoron ka juya daga bakin ƙofa ka kunyata ni. Bironka ne ya tona maka asiri. Mutum nawa ne a Dhaka ke ba takardar abinci maki?"

"Yaudarata ka yi."

"Ƙwarai kuwa. Shekara huɗu ina kallonka kana cin dankali kana yi wa likita ƙazafi. Na gaji."

Malam Mokbul ya juya ya dubi ƙofar ɗakin girki. Masu kawo abinci suna shiga suna fita, ƙofar tana lilo. Dilruba ba ta fito ba. Ya jira. Ba ta fito ba. Sai tsohon halin ya taso masa, ya dafa tebur zai miƙe.

"Ta san ina nan. Ita ce ƙarama. Ita ya kamata ta fito ta gaishe da ubanta."

Subodh ya ajiye lomar da ya ɗauko. Wannan karon babu dariya a fuskarsa.

"Da wace ƙafa za ta fito? Ka ce mata ta je, ta je. Yarinya ce mai biyayya. Tun daga ranar, ka taɓa ce mata ta zo?"

Subodh ya ci gaba.

"Ita kuwa ta rubuta kalmar a bakin titi da harufa masu tsawon mutum. Shekara biyu tana nan a rataye, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta. Kai ne mai karatu a cikinmu, Mokbul. Ni lissafi kawai na sani, shi ma ka ce ban iya ba."

Dattijon ya koma ya zauna. Hayaniyar wurin ta yi masa nisa. Ya tuna da jaridar nan ta ranar. Har yau bai san abin da aka rubuta a shafin ba, don bai karanta ko layi ɗaya ba. Ya riƙe ta ne kawai don kada ta ga fuskarsa.

Ya ɗaga hannu ya kira matar.

"'Yata, ƙaro mini takardar nan ta abinci."

"Wani kuskuren ka gano, Baba?"

"Babba."

Ya kife takardar, bayanta fari ne. Ya zaro biron. Rubutun ya fita a tsaye kamar kullum. A sama ya rubuta: "Kuskure na huɗu." A ƙarƙashi ya rubuta: "Je ki." Ya dube shi, sannan ya ja masa jan layi ya soke shi.

Dokar ajinsa ita ce duk wanda ya yi kuskure ya rubuta gyaran sau uku. Bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, don haka bai ɗaga wa kansa ba.

"Zo," ya rubuta.

"Zo."

"Zo, Uwata."

A can ƙasa ya ƙara: "Sifili cikin goma." Ya sa hannu, ya miƙa wa matar.

Minti huɗu aka yi. Ya san haka don idonsa na kan agogo, bai iya duban ƙofar ba. Subodh, wanda ba a taɓa ganin ya bar abinci ya huce ba, ya naɗe hannu ya zauna.

Sai ya ga ƙafafu sun tsaya a gefen teburin. Ya ɗago.

Dilruba ce, sanye da farar rigar girki, takardar a hannunta. Akwai furfura biyu ko uku a gefen kanta da bai san da su ba. Akwai tabon ƙuna a wuyan hannunta. Yatsunta sun rine da kurkum, kamar na mahaifiyarta.

Ta sunkuya za ta taɓa ƙafarsa, yadda ake gaishe da manya. Ya riƙe kafaɗunta ya hana.

Mai gyararren gemu ya cire wayar daga kunnensa yana kallo, har Subodh ya harare shi ya koma kan shinkafarsa.

"Abba, sifili ya yi tsanani," in ji ta. "Ban taɓa jin ka ba kowa sifili ba."

"Ban taɓa samun ɗalibin da ya yi shekara huɗu kafin ya kawo gyara ba."

Ta yi dariya, hawaye suka zubo tare da dariyar. Ta jawo kujera ta zauna.

"Kawu Subodh, aikinka ne wannan."

"Ni? Ranar haihuwata nake ci, 'yata. Ban san komai ba."

"Ranar haihuwarka ai watan sanyi ne."

"Ka ji ko?" in ji Malam Mokbul. "Ko watan ma bai sani ba."

Dilruba ta tura farantin gabansa. "Ci. Ya fara hucewa."

Ya wanke hannu, ya cuɗa tsokar da shinkafa, ya kai baki. Ya rufe ido. Ba su katse shi ba.

"Gishiri fa?" ta tambaya a hankali. "Ya yi yawa?"

Ya gane inda maganar ta fito, ya sunkuyar da kai.

"Daidai yake. Komai daidai yake." Ya ƙara loma. "Sai dai mastad ɗin ya fi na mahaifiyarki ɗaci kaɗan."

"Na sani. Na yi ta gwadawa, ban gano abin da take yi ba."

"Ɗanyen barkono ɗaya take fara murzawa a kan dutsen niƙa, tun kafin ta zuba mastad. Ba bayansa ba."

Dilruba ta dube shi da mamaki. "Kai da ko ruwan shayi ba ka taɓa ɗorawa ba?"

"Shekara talatin da takwas ina zaune a bakin ƙofar ɗakin girki ina duba takardun ɗalibai. Kina tsammanin takardun kawai nake kallo?"

Ta murza bakin takardar. Sannan ta ce, "Na yi fushi ƙwarai, Abba. Har yanzu da saura."

"Riƙe abinki, Uwata, da gaskiyarki. Zan riƙa zuwa ina rage shi kaɗan-kaɗan."

"Kuma kurakuran nan uku, biyu na mai buga takarda ne. Ɗaya ne nawa."

"Wanne?"

"Ci abincinka."

Ya cinye tas. Aka kawo mai tsami, aka kawo kindirmo mai zaƙi a ɗan kasko, bai mayar da komai ba. Sau biyu ana kiran Dilruba daga ɗakin girki, ta je ta dawo. Ya lura da yadda ma'aikatan ke miƙewa in ta yi magana, da yadda wata tsohuwa ta riƙe hannunta tana sa mata albarka saboda miyar da ta ce rabonta da irinta tun tana amarya. Sai ya gyara zama, irin zaman da yake yi a wurin mai shayi a da.

Ƙarfe uku da rabi ruwan ya tsagaita. Dilruba ta rako su bakin ƙofa. Subodh ya yi gaba wai neman keken haya, ya bar su.

Malam Mokbul ya tsaya a ƙarƙashin allon sunan gidan abincin. Sai a lokacin ya lura cewa yau shi ne mai fita, ita ce mai gida. Amsar tana bakinta, tana iya ba shi wadda ta ga dama. Ya shirya ya tsaya minti guda cur, kamar yadda ya tsayar da ita, kuma ya san ko ta fi haka bai isa ya yi ƙorafi ba.

Ya gyara riƙon laimarsa.

"Uwata," ya ce, "ina zuwa."

Bai rufe baki ba ta amsa.

"Zo, Abba."

Darasi: Mun iya ganin kuskuren kowa, amma namu mukan bar shi ya shekara ba gyara. Kalma ɗaya da aka faɗa cikin fushi tana iya raba uba da 'yarsa, kalma ɗaya kuma tana iya dawo da su, in an sami wanda zai sauke girman kai ya fara faɗa. Babba ba ya raguwa don ya ce "na yi kuskure". In akwai wanda ka taɓa ce wa ya je, kuma har yau yana raye, kada ka jira shi ya fara. Ka kira shi yau ka ce ya zo. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wani a cikinsu da ke tsaye a bakin ƙofa yana jiran a gyara masa kalma ɗaya.